Daga Arras Zuwa Dajin Banco: Masu Auna Hayaƙinmu

Kafin ladan ya kira assalatu an riga an hura wuta a Arras. Mai shayi ya ɗora tukunyarsa, mai ƙosai ta zuba mai a kasko, mai garba yana yanka albasa da attarugu yana jiran mansa ya yi zafi. Da yamma kuma masu tsire da balangu, waɗanda mutanen gari ke kira masu shukuya, su karɓi aiki, hayaƙinsu ya bi layi-layi har tsakar dare. Treichville gari ne da Turawa suka yanka da ma'auni, tituna duk da lambobi, wannan Avenue kaza wancan Rue kaza, sunan Arras ɗin ma na wani gari ne a arewacin Faransa. Amma abin da ke riƙe da gidajen Hausawa masu yawa a cikin waɗannan layuka, daga nan har Adjamé, shi ne murhu. Da shi ake biyan haya, da shi ake aika kuɗin gero Maraɗi da Tawa da Birnin Ƙonni, da shi aka sayi littattafan yaran da muke koyarwa.

To, a cikin birnin nan akwai mutanen da aikinsu shi ne su auna wannan hayaƙi, su gwada ruwan da muke zubarwa, su ƙidaya itatuwan da ke komawa gawayi. Suna rubuta abin da suka gano da Faransanci ko Ingilishi, a karanta a Turai, mu da abin ya shafa ba mu ji ba. Wannan ya sa mu 'yan malamai kaɗan muka ware yini guda a lokacin hutu, muka bi hanya daga Arras zuwa jami'ar da ke tsakanin Adjamé da Abobo, domin mu kawo wa masu karatu labarin abin da ke kan hanyar.

Ba mu fita Treichville ba sai da muka ratsa ta Zone 3. A can, kan Rue des Pêcheurs, akwai cibiyar binciken teku da ake kira CRO. Mutum zai wuce ƙofarta shekara da shekaru bai san tana da alaƙa da abincinsa ba. Tashar jiragen ruwa ta Abijan tana cikin manyan wuraren da ake sauke kifin ton a Afirka, kuma ba duka ne masana'antun gwangwani ke karɓa ba. Ƙanana da waɗanda suka ƙuje su ne ke fitowa kasuwa da sunan faux thon, su ne kuma ke faɗawa kaskon mai garba. Masanan cibiyar sun daɗe suna bin lissafin wannan kifi, nawa aka sauke, wane iri ne, domin a san ko teku na iya jure ɗibar da ake yi mata. Ranar da aka ce kifin ya ja baya, ɗan Nijar mai rumfar garba ne zai fara ji a aljihunsa. Ana ma cewa daga sunan Garba abincin ya samo sunansa, saboda 'yan'uwanmu ne suka yaɗa sana'ar. Aceke kuwa, wanda ake ci da kifin, hukumar UNESCO ta sa fasahar yin sa cikin gadon al'adun duniya a watan Disamba na 2024.

Daga nan muka shiga bas ɗin SOTRA, muka hau gadar Houphouët-Boigny, wadda aka kammala a 1957, motoci a sama jirgin ƙasa a ƙasa. Ruwan da ke ƙarƙashinta shi ne tafkin Ebrié, wanda kowa ke ce wa lagin, tsawonsa ya haura kilomita 100. Dattawanmu da suka zo da ƙuruciya suna ba da labarin lokacin da ake wanka a bakinsa. Yau ba uban da zai bar ɗansa ya tsoma ƙafa. A 1950 aka fasa mashigin Vridi domin manyan jirage su shigo, ruwan gishiri ya samu ƙofa, kogin Comoé ya karkato da ruwansa ta nan, bakinsa na Grand-Bassam ya yi ta cikewa da yashi. A shekarun 1980 sai ga kainuwa da 'yan'uwanta sun rufe fuskar ruwan har jiragen fito suna kasa wucewa. Bahaushe na ce mata dashen Allah, amma masana sun nuna cewa ƙazantar kwatami da ta masana'antu taki ce gare ta. Waɗanda suka kai shekara talatin kuma ba su manta watan Agusta na 2006 ba, lokacin da aka kwashe dattin guba daga jirgin Probo Koala aka zubar cikin dare a wurare da dama na birnin, har da jujin Akouédo. Mutum sama da 100,000 suka nemi magani a asibitoci. A ranakun nan kowa ya gane amfanin wanda ya iya ɗiban ƙasa da ruwa ya kai ɗakin gwaji ya faɗi abin da ke ciki.

Benayen Plateau da ke gabanmu da lantarki suke numfashi, kuma tarihin lantarkin ƙasar nan darasi ne mai kyau ga ɗan makaranta. An fara da madatsun ruwa: Ayamé a 1959, Kossou a 1972, Taabo a 1979, Buyo a 1980. Sai farin 1983 zuwa 1984 ya zo, ruwa ya ja baya, Abijan ta kwana cikin duhu. Daga baya aka koma kan iskar gas da ake haƙowa a teku, aka gina tashar CIPREL a Vridi a 1995 da ta Azito a Yopougon a 1999, gas ɗin ne kuma ke ba da kaso mafi girma na wutar ƙasar. An ƙara madatsar Soubré a 2017, sannan a 2024 aka buɗe tashar hasken rana ta Boundiali a arewa. Duk da haka a 2021 mun sake ganin rabon wuta unguwa-unguwa. Amma mu lura da abu guda: wannan wuta tana kunna fitila da fanka da firiji, ba ita ke dafa abinci ba. Girki a Abijan na tukunyar gas ne a gidaje da yawa, na gawayi da itace ne a wurin sana'a da gidan mai ƙaramin ƙarfi, da kuma ranar da gas ya yanke a shago.

Adjamé ba ta bukatar gabatarwa. Titin Nangui Abrogoua, babban masallaci, Forum, masu tura amalanke, yaran gbaka suna ihun Abobo da Yopougon, kowace mota tana tofar da baƙin hayaƙi a fuskar ta bayanta. In an tambayi kowa a cikinmu inda iska ta fi muni a Abijan, nan zai nuna, ko kuma ya ce Akouédo a zamanin da ake ƙona shara a can. Ashe ma'auni bai yarda da mu ba.

Daga 2015 zuwa 2017, masanan sararin sama na Jami'ar Félix Houphouët-Boigny ta Cocody, tare da abokan aikinsu na Toulouse a Faransa, sun kafa na'urori a wurare uku, ƙarƙashin wani shiri mai suna DACCIWA da Tarayyar Turai ta ba kuɗi. Ɗaya a cikin cunkoson motocin Adjamé, ɗaya a jujin Akouédo, na uku a wata kasuwa ta Yopougon inda mata ke banda kifi da nama da itace, galibi itacen roba. Abin da suke nema shi ne ƙurar hayaƙi mai laushi ƙwarai, wadda sai an jera kamar guda 30 kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Gashin hanci ba ya tare ta, majina ba ta kama ta, tana wucewa har ƙarshen huhu, wani sashe ya shiga jini. Ana auna ta da mikrogiram a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi. A wajen motocin Adjamé an samu kimanin 32. A juji kimanin 28. A wajen masu banda kuwa, kimanin 145, wato ya ninka na motoci fiye da sau 4. Hukumar lafiya ta duniya, tun 2021, tana cewa kada matsakaicin yini guda ya wuce 15.

Jama'a, mu tsaya nan kaɗan. Matan Yopougon aka auna, amma wa ya ce da su kaɗai ake? Ɗan'uwanmu mai tsire yana tsaye kan wuta daga la'asar zuwa ƙarfe biyu na dare, kwana bakwai a mako, yaron da ke masa fifita bai kai shekara goma sha biyar ba. Uwargida mai tuwon sayarwa tana girki a lungun da ba taga, da goyo a bayanta. Idon da ke ja kullum, tarin da ba ya jin magani, fuka da ke tashi da hunturu, duk mun saba cewa sanyi ne ko gajiya. Hukumar lafiyar nan ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki yana kashe mutum wajen miliyan 3 a duniya kowace shekara. Ba a rubuta wa kowa a takardar asibiti cewa murhu ne ya kashe shi, shi ya sa abin ba ya ba mu tsoro.

Mun zauna cin balangu wurin wani dattijo a bayan kasuwa, muka kwashe wannan labari muka gaya masa. Ya saurara har ƙarshe yana juya nama, sannan ya ce, "Malam, duk na ji. Tari kam ina da shi tun kafin a haifi yaron nan. Amma in na gasa da gas, wa zai saya? Ƙamshin itacen nan shi ne jarina." Muka ce, "To Baba, mene ne mafita?" Ya ce, "Ku da kuka yi boko za ku tambaye ni? Ku ce wa yaran jami'ar su zo su zauna nan yini ɗaya, su ƙera mini abin da zai kai hayaƙi sama ya bar mini ƙamshi. In ya rage mini itace, ko jikka nawa ne zan biya."

A ganinmu dattijon ya fi takardu da yawa gaskiya. Kuma abin da yake nema ba tatsuniya ba ne, an yi wa masu kifi irinsa. Hukumar abinci ta duniya FAO, tare da wata cibiya ta Senegal, ta fito da tandun banda mai suna FTT-Thiaroye, wanda ke raba kifi da harshen wuta, ya tare kitsen da ke ɗiga, ya rage itace da hayaƙi, an kuma kafa wa matan Abobo-Doumé shi a bakin lagin. Matan nan sun samu ne saboda suna da ƙungiya mai rajista da za ta iya zama da hukuma. Mu muna da sarakunan Hausawa da na fawa, muna da adashi, muna tara kuɗin kai gawa gida cikin yini ɗaya, amma ba mu taɓa jin an tara sisi don a gyara murhu ba.

Gbaka ta ɗauke mu daga Adjamé ta bi babbar hanyar Abobo, ta sauke mu a ƙofar jami'a. An fara ta a 1992 a matsayin reshen jami'ar ƙasa, ta tsaya da ƙafarta a 1996 da sunan Abobo-Adjamé. Rikicin 2010 zuwa 2011 ya ci ta ƙwarai, kasancewar tana tsakiyar fagen fama, aka rufe ta, aka sake buɗewa a watan Satumba na 2012 da sunan Nangui Abrogoua, wani shugaban Ebrié na Adjamé, mai titin da muka baro. Jami'a ce ta kimiyya zalla. Tana da tsangayar kimiyyar halittu, da ta kimiyyar abinci, da ta lissafi da fizik da kimiyyar sinadarai, da kuma tsangaya sukutum ta kimiyya da kula da muhalli, inda ake koyon ruwa da ƙasa da shara da iska. A ƙarƙashinta akwai cibiyar binciken sababbin hanyoyin makamashi, IREN, da cibiyar nazarin zaman halittu, wadda ke da hannu a tashar Lamto da ke bakin kogin Bandama. Tun 1962 ake nazarin wutar daji a Lamto: inda ake ƙonawa kowace shekara ya zauna fili mai ciyawa da giginya, inda aka hana wuta ya cike da itatuwa. Manomi ya san haka da ido, amma su sun rubuta shi shekara bayan shekara fiye da 60.

Aikin da ya fi burge mu cikin na wannan jami'a ya shafi aceke. Idan mata suka matse rogo, ruwan da ke fita yana da tsami da guba, kuma yawanci kwata yake bi ya faɗa lagin. Masu bincike sun gwada, da ruwan rogon matan ƙauyen Azito, su tara shi a rufaffen mazubi inda ƙwayoyin halitta za su ruɓar da shi su fitar da iska mai kamawa da wuta, irin wadda ake samu daga kashin shanu. Tsamin ne ke hana aikin tafiya, sai suka gano cewa fitsari na kashe shi. Mun san wani mai karatu zai yamutsa fuska, mu ma mun yamutsa. Amma iskar ce kawai ke zuwa murhu, kuma hukuncin wannan muna barin sa ga malamanmu na fiƙihu. Abin lura shi ne ruwan da ke ɓata lagin zai iya turara aceken da ya fito daga gare shi. Sai muka tuna mayankar Port-Bouët, inda 'yan'uwanmu mahauta da 'yan tireda ke wuni, da tarin kashin dabbobi da tumbi da ake rasa inda za a kai.

Mun daɗe a inuwa muna kallon ɗalibai suna shiga da fita, maza da mata, wasu da farar rigar ɗakin gwaji a hannu. Abin da ya dame mu shi ne wanda muke gani a ajinmu kowace shekara. Yaron Hausawa yakan yi fice a lissafi, don tun yana ƙarami yake ba da canji. Da ya gama CM2, ko ya kai aji na BEPC, sai uba ya ce rumfa na bukatar hannu. Yarinya kuma a ce ta isa. Wani kuwa takardar haihuwa ce ba a yi masa ba, ranar jarrabawa ta zo a rasa yadda za a yi. Dokar ƙasa tun 2015 ta wajabta karatu daga shekara 6 zuwa 16, makarantun Islamiyya da yawa kuma sun shiga tsarin gwamnati, saboda haka ba a ce sai an zaɓi tsakanin allo da boko ba. Wanda ya daure har ya ci BAC, iyaye likita suke so ko ma'aikacin kwastan. In ya ce zai karanta muhalli sai a ce shara zai kwashe. Ƙofar nan kuwa BAC na kimiyya take nema, C ko D, kuma tun daga aji na seconde ake raba hanya. Uban da bai san wannan ba, sai ya farga bayan an rufe rajista.

Kada wani ya ce wannan ilmi ba namu ba ne. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, a Tasawa aka haife shi a 1929. Ya yi zurfi a fizik a Faransa, ya yi aikin hasken rana a Bamako, sannan daga 1969 ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL, inda aka ƙera tukunyar ɗumama ruwa da murhun girki da na'urar tace ruwa, duk da zafin rana. Ya rasu a 1991, shekara 33 kafin a buɗe Boundiali. A Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982, murhu mai cin itace kaɗan yana cikin abin da ta yi aiki a kai. Shirin WASCAL, da Jamus ke tallafawa, ya ba Yamai karatun canjin yanayi da makamashi, ya ba jami'ar Cocody na canjin yanayi da halittu a harabarta ta Bingerville, ɗalibai daga ƙasashen yankin suna haɗuwa a duka biyun. Yaron Arras mai Hausa da Faransanci da Jula a bakinsa, wanda ya san farashin buhun gawayi da yadda ake jera itace a ƙarƙashin waya, ya fi kowa dacewa ya tsaya tsakanin ɗakin gwaji da rumfar Baba mai balangu.

La'asar ta yi kafin mu shiga dajin Banco, wanda ba shi da nisa da jami'ar. Hekta sama da 3,400 ne na kurmi a tsakiyar birni, Abobo a arewa, Yopougon a yamma, Adjamé da Attécoubé a ɗaya gefen. An mai da shi gandun ƙasa a 1953, a cikinsa kuma akwai tsohuwar makarantar ma'aikatan gandun daji ta shekarun 1930. Da mutum ya yi tafiyar minti goma a ciki ƙarar gbaka ta ɓace, zafi ya sauka, numfashi ya canja. Wasu itatuwan sai mutum ya riƙe hularsa kafin ya ga ƙarshensu.

Irin wannan kurmi ne ya rufe kudancin Kwaddebuwa a da. Ana lissafa wajen hekta miliyan 16 a farkon ƙarni na 20, ƙidayar da aka fitar a 2021 kuma ta samu ƙasa da miliyan 3. Gonakin koko ne suka ci mafi yawa, sai masu katako, gawayi ya bi baya yana tsintar abin da ya rage. Ba ƙaramin ci yake yi ba: a ramin gargajiya, kilo 1 na gawayi yana lashe itace kilo 5 zuwa 10. Banco kansa an yi ta gutsurarsa ta gefe, wannan ya kafa gareji, wancan ya shiga da gatari cikin dare, har hukumar gandun ƙasa ta zagaye wani sashe nasa da katangar siminti, aikin da ake ciki a 2022, shekarar da Abijan ta karɓi taron duniya kan kwararowar hamada.

Amfaninsa mafi girma ba a ganin sa da ido. Ruwan sama da ya sauka a kurmin ba ya gudu kamar na kan kwalta, yana nutsewa cikin yashi ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyoyin kamfanin ruwa ke jawowa zuwa famfunan birni. Ƙaramin kogin Banco ma daga cikin dajin yake ɓuɓɓugowa, garau da shi, ana ganin yashin ƙasansa. Yana fita daga inuwar itatuwa ya iso inda 'yan wanki, fanico, suka shahara da dukan tufafi a kan duwatsu da tsofaffin tayoyi. Daga nan ya ɗauki kumfar sabulu da ruwan kwatocin unguwanni, ya gangara ya shiga lagin.